Daga Gidan Waziri Zuwa Majalisa: Isa Kaita da Kuɗin Shiga Siyasa

Yau maganarmu a kan mutum ɗaya ce, Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, da kuma tambaya ɗaya: wa ke iya shiga majalisa, kuma da me ake shiga? Mu mutanen Jibia wannan magana tamu ce, don mazaɓarmu ta Majalisar Wakilai sunanta Jibia/Kaita.

An haifi Isa Kaita a 1912, a gidan sarauta. Mahaifinsa Haruna shi ne Wazirin Katsina. Ya yi Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ya koyar, ya yi aikin rediyo a Accra lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma yi aikin En'e. A 1951 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna. Ya riƙe ma'aikatar ayyuka, daga baya ta ilimi, har juyin mulkin Janairun 1966.

To, ya aka yi ya shiga? A nan darasin yake. Zaɓen 1951 ba irin na yau ba ne. Hawa-hawa ake yinsa: ƙauye ya fitar da wakilai, su je gunduma, daga nan sai lardi, kuma En'e na da ikon sa nata mutanen a matakin ƙarshe. En'e kuwa ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke da kotu, da 'yan doka, da gidan yari. Hakimi da dagaci su ke da ta cewa a kan gona. Ka ga ke nan ɗan talaka da ke wa uban ƙasa noman gandu, ina shi ina tsayawa takara da ɗan gidan? Mata kuwa ko ƙuri'ar ma ba su da ita a Arewa sai a 1976. Irin wannan tsari ne NEPU ta tashi yaƙa tun kafa ta a Kano a 1950.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila, dokar 1711 ta ce ba mai wakiltar karkara a majalisa sai wanda filayensa ke kawo masa fam 600 a shekara. Sai a 1858 aka soke ta, albashin 'yan majalisa kuwa sai a 1911 aka fara biya. Wato in ba ka da gonakin da za su ciyar da kai, zauna gida.

Amma fa a yi adalci. Gado ya buɗe wa Isa Kaita ƙofa, sai dai bai shiga ya yi barci ba. Yana ministan ilimi aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, wadda 'ya'yan manoma da makiyaya ba adadi suka fita daga cikinta. Ya rasu a 1994, kuma Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma sunansa take ɗauke da shi.

Yanzu mu dawo yau. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna. A 2018 an rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Madalla. Amma a 2022 fom ɗin takarar wannan kujera a jam'iyyar APC naira miliyan 10 ne, ban da abin da za a kai wa daliget. Da rawani ake tambaya a bakin ƙofa, yau jaka ake tambaya. An dai canza wa tuwo suna.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ku tuna Agustan 2019 da aka rufe boda. Wasu iyakokin an buɗe su a Disambar 2020, tamu ta Jibia sai a 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Direban Maraɗi, da ɗan dako, da mai tuwo-tuwo a Magama, su suka ji a jikinsu. A irin wannan lokaci kana buƙatar wakilin da ya san zafin abin, wanda zai miƙe a Abuja ya faɗa.

Don haka in ɗan takara ya zo, ɗan sarki ne ko ɗan talaka, ku yi masa tambaya biyu. Wa ya biya maka kuɗin shiga? Me za mu nuna wa jikokinmu bayan ka sauka? Wanda ya biya kuɗin, shi zai fara bin bashi.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, ku tura wa abokai. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.