Idan Oga Yana da Ɗan Gaban Goshi

Da wuya a sami ma'aikatar da babu wanda kowa ya san shi ne ɗan lelen oga. Shi ake turawa kwas ko taron bita mai alawus, shi ne in ya makara ba a ba shi takardar tuhuma, kuma sunansa ke fara fitowa idan ƙarin girma ya zo. Sauran ma'aikata sukan ɗauki ɗayan hanyoyi biyu: ko su ƙulla gaba da ɗan lelen, ko su yi sanyi da aiki suna cewa ai mowa ta yi. Duka biyun asara ce ga wanda aka zalunta. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya daina neman canza zuciyar oga, ya mayar da maganar kan ƙa'ida da takarda, domin nan ne son kai ba ya iya ɓuya.

Zafin da mutum ke ji ba hassada ba ce, kuma bai kamata a sa shi jin kunyarsa ba. A 2003 masu bincike biyu a Jami'ar Emory ta Amurka, Sarah Brosnan da Frans de Waal, sun koya wa wasu birai miƙa ɗan dutse su karɓi yankin kokwamba. Suna karɓa suna ci lami lafiya, har sai da suka ga an ba na kusa da su inabi a kan wannan aikin. Nan take wasu suka ƙi karɓa, wasu ma suka yi jifa da kokwambar. Tun 1963 wani mai bincike, J. Stacy Adams, ya bayyana irin wannan game da ma'aikata: mutum yana auna wahalarsa da ladansa ne da na abokin aikinsa, in ya ga bai yi daidai ba sai ya rage himma. Matsalar ita ce rage himmar nan ita ce hujjar da oga ke jira. Ranar da aka tambaye shi dalilin tsallake wane, sai ya buɗe rajistar zuwa aiki ya nuna.

Don haka ma'aikaci ya riƙe aikinsa gam, ya kuma riƙe shaida: abin da aka sa shi, ranar da ya gama, wa aka tura kwas da kuma sau nawa. Sannan ya nemi ganin oga su biyu, ba a gaban jama'a ba, kuma ba da sunan kowa a bakinsa ba. Tambayar ita ce, "Yallaɓai, me ake dubawa wajen zaɓen waɗanda za su je, don in gyara nawa?" Idan akwai ma'auni, ya samu abin bi. Idan babu, oga ya san an lura. A aikin gwamnatin Najeriya wannan haƙƙi ne tsoho, domin tun bayan rahoton Kwamitin Udoji na 1974 aka bar rahoton sirri aka koma tsarin da ma'aikaci ke ganin abin da shugabansa ya rubuta a kansa kafin ya sa hannu. Mutane da yawa suna sa hannun nan ba tare da sun karanta ba, abin takaici.

Za a ce ai shugaba yana da damar jingina da wanda ya yarda da shi. Gaskiya ne, kuma wani lokaci ɗan lelen ya fi kowa aiki. Shi ya sa tambayar ma'auni ta fi zargi adalci, don tana wanke shugaban kirki. Za a kuma ce a yi haƙuri, arziki na Allah ne. Haƙuri bai hana neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba, kuma shirun mutum ɗaya yana cutar da na bayansa da za su gaji wannan ofis.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne tsoron ramuwa, musamman a kamfani mai zaman kansa inda mai shi ne oga kuma ɗan lelen ƙaninsa ne. A nan dole a faɗi gaskiya: fifita wani don jini ya haɗu ba laifi ne da kotu za ta hukunta kai tsaye ba, kuma wani lokaci mafita ita ce mutum ya fara neman wani wurin tun yana kan aikinsa. Amma idan fifikon ya zama na ƙabila, addini, jinsi ko asalin jiha, sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa hukuma irin wannan wariya, kuma gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya da rashin adalci a wurin aiki. Kafin a kai ga kotu akwai ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatar, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ke karɓar ƙorafi kyauta. Dukkansu abin da za su fara tambaya shi ne ranaku da takardu.