Rumbun Ƙarfe A Jikin Ɗan Adam: A Auna Kafin A Sha Maganin Ƙarin Jini

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, da zarar sun ji kasala ko jiri sai su nufi kemis su sayi maganin ƙarin jini. To, jama'a, akwai abin lura a nan.

Jini ba ya samuwa sai da sinadarin ƙarfe. Baligi yana ɗauke da kamar giram 3 zuwa 4 a jikinsa. Mafi yawa yana cikin jini, ragowar kuwa jiki yakan adana ta cikin wani sinadari mai suna feritin, a hanta da saifa da ɓargo. Watau feritin shi ne rumbun ƙarfe. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Vilem Laufberger, shi ya fara ware shi daga saifar doki cikin 1937.

Rumbu yakan ƙare tun yunwa ba ta bayyana a fuska ba. Haka nan feritin yakan yi ƙasa tun awon jini bai nuna kome ba. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, baligin da nasa ya gaza maikirogiram 15 a lita ɗaya yana da ƙarancin ƙarfe. Ga yaro ƙasa da shekara 5 kuwa, 12 ne. Masu ciki da mata masu yawan jinin haila su suka fi shiga hatsari. Sai kuma masu tafiya ba takalmi a ƙasa mai laima irin ta Kudu, domin tsutsar ciki mai shan jini ta tafin ƙafa take shiga.

Amma fa zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta sukan ɗaga feritin ko da rumbun wayam yake, saboda haka a gaya wa likita in ana fama da su.

Yawan ƙarfe shi ma cuta ne, gama jiki ba shi da hanyar zubar da rara. Mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, ƙarfe yakan taru masa har ya lahanta hanta da zuciya. Irin wannan, kada a ba shi ƙwayar ƙarfe sai da izinin likita.

A ci hanta da nama da wake da alayyahu, a haɗa da lemo. Shayi yana rage shigar ƙarfe jiki, sai a ba da tazara bayan cin abinci. In kasala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a tafi asibiti a auna. Allah ya ba mu lafiya, amin.