Doki ne ko raƙumi? Gardama a kan Biniam Girmay, ɗan tseren keke

A nan jihar Diffa keke ba baƙo ba ne. Shi ke kai yaro makaranta, shi ke ɗauko buhun tattasai daga gonakin bakin Komadugu zuwa kasuwa. A shekarar 2015, da aka hana hawan babur saboda rashin tsaro, mutane da yawa sun koma ga keke. To amma a wasu ƙasashe tseren keke sana'a ce da ake ci da iyali da ita. A wannan wata mun kawo muku gardamar da masu sha'awar wannan wasa ke yi a kan wani saurayi ɗan Afirka mai suna Biniam Girmay: shin zai iya cinye babbar gasar zagayen ƙasa, ko ba zai iya ba?

Mece ce babbar gasa?

Manyan gasannin zagayen ƙasa guda uku ne: na Faransa, da na Italiya, da na Sipaniya. Wanda ya fi suna shi ne na Faransa, wanda aka fara a 1903. Sati uku ake yi, zango 21, kusan kilomita 3,500. Kamar mutum ne ya tashi daga Diffa a kan keke ya je Yamai ya dawo, ya sake kama hanya har ya wuce Maradi. Tafiyar yini ɗaya kuwa ta kai zuwa Maine-Soroa da dawowa, har da ƙari.

Kowane zango yana da wanda ya zo na farko. Amma gasar kanta da lokaci ake cin ta: a tara awoyin kowa na sati ukun, wanda nasa suka fi kaɗan shi ke tafiya da riga mai ruwan ɗorawa. Akwai kuma riga tsanwa, wadda ake ba wanda ya fi tara maki wajen gudun ƙarshe. Kamar kokowa ne: kayar da mutum yau daban, ɗaukar takobi daban.

Abin da magoya bayansa ke cewa

An haifi Biniam a shekarar 2000 a Asmara, babban birnin Eritiriya. A Maris na 2022 ya cinye tseren Gent-Wevelgem a ƙasar Beljik. A watan Mayu na wannan shekara ya ci zango na 10 a gasar Italiya, sai dai wajen murna murfin kwalba ya buge shi a ido, dole ya bar gasar. A 2024 ya ci zango uku a gasar Faransa, ɗaya daga cikinsu a Colombey, ƙauyen da aka binne Janar Dogol, ya kuma tafi gida da riga tsanwa. Kafin shi babu baƙar fata ɗan Afirka da ya taɓa cin ko zango ɗaya a wannan gasa.

Magoya bayansa na cewa wanda ya yi wannan yana da shekara 24, sauran ma zai yi. Suna ƙarawa da cewa Asmara tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,300, saboda haka ƙirjinsa ya saba da iskar kan dutse tun yana yaro.

Abin da masu shakka ke cewa

Su kuwa waɗannan ba raina shi suke yi ba. Cewa suke a duba inda ya ci: duk a gudun ƙarshe ne, cikin ƴan mitocin da suka rage kafin layi. Riga mai ruwan ɗorawa kuwa a kan duwatsu ake cin ta. A 2024 ƴan tsere sun hau wani dutse mai suna Bonette, mita 2,802, wanda ya fi ƙololuwar Bagzan ta Ayar tsawo, ita da ke da mita 2,022. A irin wannan hawa, mai ƙarfin gudun ƙarshe yakan rasa minti talatin ko fiye a yini ɗaya, domin naman cinyar da ke ba shi sauri a fili shi ke zame masa kaya a hawa. Tadej Pogacar na Sulobeniya ne ya cinye gasar a shekarar, shi ne kuma ya sake cinye ta a 2025, inda Biniam bai ci ko zango ɗaya ba.

Makiyayin N'Gelbeli zai gane wannan magana ba tare da dogon bayani ba. In ana sukuwar Sallah, doki ake hawa. In za a ratsa rairayi na kwana ashirin, raƙumi ake ɗaura wa sirdi. Ba wanda ke zagin doki don bai zama raƙumi ba.

Ina namu rabon?

A ganinmu masu shakka sun fi kusa da gaskiya: Biniam doki ne, kuma ingarma. Amma akwai abin da gardamar ta mance. Biniam ba daga sama ya faɗo ba. Tun zamanin mulkin Italiya ake tseren keke a Eritiriya, an kuma yi zagayen ƙasar na farko a 1946. Yaro yana tashi yana ganin tsere a titin garinsu. Biniam ya cinye gasar matasan Afirka a 2018, a shekarar kuma aka ɗauke shi zuwa cibiyar horo ta hukumar keke ta duniya a ƙasar Suwis. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ita ma tana da nata zagaye tun 1987, kuma a Satumba na 2025 an yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka.

Yaron da ke tuƙa buhu biyu na tattasai a kan tsohon keke ba ƙarfin ƙafa ya rasa ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ja layi, ya riƙe agogo, ya rubuta sunansa. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Shugabannin matasa da malaman makaranta, idan hukuma ta ba da izini, suna iya shirya tseren kilomita 20 a ranar biki, a ware yara daban, manya daban, a tanadi ruwan sha da mai gyaran keke. Daga nan ne za a san wane ne doki, wane ne raƙumi a cikin ƴaƴanmu. Da zama ba a sanin mai gudu.