Feshi Ya Kori Masu Gadin Gona A Kura Da Bunkure

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, in ya kai Kura ya nufi Kadawa, zai ga kore shar hagu da dama, tumatir da albasa da alkama. Zai kuma ga samari goye da injin feshi tun da sassafe. Kan wannan feshi za mu yi magana a wannan mako.

Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman wannan yanki na damina ne, sai ɗan lambu a fadama. Manomi yakan haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, ga gawo da ɗorawa a tsakiya. In kaka ta wuce, ƙasa ta bushe wata shida ko bakwai, ƙwarin da ke cin amfanin gona yunwa ta rage su. Da ruwan Tiga ya zo, aka share filaye, aka daidaita su, aka ja kanal. Yau shinkafa ce da damina, tumatir da rani, gona jikin gona har iyakar ganin ido. Arziki ya samu, babu musu. Amma fa ƙwaro ma ya samu abinci shekara ɗungurungum.

To, abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, gona tana da masu gadi waɗanda ba a biyansu ko kwabo. Akwai gizo-gizo, da mazari, da ƙoƙi-ƙoƙi, da kwaɗi a bakin kanal, da belbela. Akwai ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda abincinsa darɓa ne. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro, da ƙyar ido ke ganinsu, masu saka ƙwansu cikin ƙwan tsutsa ko a jikinta, 'ya'yansu su cinye ta. Waɗannan zanzaro suna bukatar furen ciyawa da shinge don su sha su fake. In an ƙone gaɓar kanal da maganin ciyawa, an rushe musu gida.

Maganin feshi mai kashe kowane ƙwaro bai san aboki ba, bai san abokin gaba ba. Kuma masu gadin su suka fi jin jiki, domin a fili suke yawo suna farauta, ita kuwa tsutsa tana ɓoye cikin ganye ko cikin ɗan tumatir. Bayan feshi, 'yan tsutsar da suka tsira su hayayyafa da sauri, babu mai cinsu. Manomi ya ga sun dawo, ya ƙara magani, ya haɗa kala biyu ko uku a tanki guda. Da haka masu taurin rai kaɗai ke saura, 'ya'yansu su gaji taurin, har maganin ya zama kamar ruwa.

Mun ga haka da idonmu a 2016. Tsutsar nan da Turawa ke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuwa suka laƙaba mata suna Sharon, asalinta daga Kudancin Amurka take. Ta shiga Sifen a 2006, ta bi ƙasashen Arewacin Afirka, ta iso mu. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare, takan saka ƙwai har fiye da 200, kuma cikin zafi wata guda ya isa a sami sabon zubi. A bazarar shekarar nan gonaki suka ƙone kamar an sa musu wuta. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a watan Maris bai daɗe ba ya tsaya don rashin tumatir, kwando ya yi tsadar da matan Legas ba su manta ba, Jihar Kaduna har ta sa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kada a ce feshi ne ya kawo ta, a'a, baƙuwa ce. Amma ta tarar da gida a buɗe, tumatir ko'ina, mai gadi kuwa babu.

Masu shinkafa su ji labarin Indonesiya. Can wani ɗan ƙwaro mai tsotsar karan shinkafa ya addabe su, suka yi ta feshi, yana ta ƙaruwa. Da masana suka duba, ashe gizo-gizon da ke cinsa ake kashewa. A 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magani iri 57 a gonar shinkafa, aka koya wa manoma duba gona kafin feshi, shinkafa kuwa ba ta ragu ba. Nan kusa da mu ma, a Maraɗi, ma'aikatan binciken gona na Nijar suna kiwon irin 'yan zanzaron nan, a kai su ƙauyuka cikin ƙananan buhunan algarara, su fita su kashe tsutsar da ke cin kan gero.

Ni ban ce a jefar da injin feshi ba, wanda ya zuba jarinsa a tumatir ba zai tsaya yana kallo ba. Amma a shiga gona a juya ganye a duba tukuna, kada a yi feshi don kawai maƙwabci ya yi. Shinkafa 'yar ƙasa da kwana 40 da dashe, ko an ɗan ci ganyenta takan murmure, a bar gizo-gizo ya yi aikinsa. A gwada ruwan 'ya'yan darbejiya, a sa tarkon nan mai ƙamshin mace da ke kama mazan Sharon, a bar ɗan fure da riɗi a gefen kunya. In an gama tsinkar tumatir a tuge saura a ƙone, kada a bar shi ya zama masaukin tsutsa, a bi shi da albasa ko masara. In feshi ya zama dole, a tambayi malamin gona wane magani ne, kada a dogara ga mai sayarwa a kasuwa, shi kasuwarsa yake ci.

Abu mai wuya shi ne, gonakinmu a haɗe suke. In mutum ɗaya ya rage feshi, maƙwabtansa goma ba su rage ba, ba zai ga amfani sosai ba. Ƙungiyoyin masu shan ruwan kanal guda, da yake suna zama kan rabon ruwa da yashe magudana, ya kamata su sa wannan magana a zamansu kafin dashen rani mai zuwa.