Madatsar Ruwa ta Tiga: Tarihinta da Rabon Ruwanta

Kogin Kano, kamar yawancin kogunan ƙasar Hausa, yakan cika ya batse da damina, sannan ya ƙafe da rani. Domin a tsare ruwan damina a yi amfani da shi da rani, gwamnatin Audu Baƙo ta fara gina madatsar Tiga a 1971, ta kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. A wancan zamani Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa duk suna cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa.

Da tarin ƙasa aka gina bangon madatsar, kuma an tsara tafkinta ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga tafkin ne babbar magudana, wadda manoma ke kira kanal, take ɗaukar ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Ba a bukatar injin turawa, saboda tafkin ya fi gonakin tudu. Ruwan yana gangarawa da nauyinsa. Ta haka aka samu noman alkama da shinkafa da tumatir da rani.

Wutar lantarki ta zo daga baya. Sai a shekarun 2010 gwamnatin Kano ta fara gina tasha mai ƙarfin megawat 10 a wurin. Ruwa yakan sauko ta bututu ya juya farfela, ita kuma ta juya janareta. Ƙarfin wutar ya dogara ga abu biyu: tsayin da ruwan ya sauko da kuma yawansa. Idan tafki ya ja baya, wuta ma za ta ragu.

Abin lura shi ne, madatsa ba ta ƙara ko ɗigon ruwa, lokacinsa da wurinsa kawai take sauyawa. Bayan gina Tiga, da kuma madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu. Ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin kogi.

Saboda haka, duk wanda aka damƙa wa buɗe ƙofar madatsa yana raba ruwa ɗaya ne tsakanin manomin Kura da tashar lantarki da masuncin Nguru, kuma wajibi ne ya auna bukatar kowannensu kafin ya buɗe.