Nahawun kamara a bidiyon waƙa da rawa na Hausa: misalin abin da ake kallo a Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

Gundumomin Magarya da Dungas suna kudancin jihar Damagaram, bakin iyaka da Nijeriya. Dungas kuwa sai a 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Yankin ya daɗe yana cin kasuwa da maƙwabtansa na Katsina da Jigawa, misali kasuwar Maigatari mai ci ran Alhamis. Ta waɗannan hanyoyi ne finafinan Kano suka shigo bayan fitowar Turmin Danya a 1990, da farko a kaset, daga baya a faifai, yau kuma a wayar hannu. Abin da matasa suka fi maimaita kallo a cikinsu shi ne waƙa da rawa. A wannan ƴar maƙala za mu nuna cewa a irin wannan bidiyo kamara ce take faɗin abin da al'ada ta hana jiki ya faɗa, kuma tana bin ƙa'idoji da mai nazarin harshe zai iya siffantawa.

2. Ɗauka da jerantawa

Abin da muke kira "ɗauka" (Faransanci: plan) shi ne gutsuren hoton da kamara ta ɗauka ba tare da an yanke ba. A 1964 Christian Metz ya nuna cewa ɗauka ba daidai take da kalma ba, ta fi kusa da jimla. Hoton budurwa a bakin rijiya ba ya nufin "budurwa" kurum, yana cewa ne "ga budurwa a bakin rijiya". Ke nan ma'anar labari tana fitowa ne daga jeranta irin waɗannan jimloli. Tun wajen 1920 Lev Kuleshov ya gwada haka a Rasha: ya maƙala fuskar ɗan wasa guda da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta sake ba.

3. Nisa: nan da can

Hausa tana rarrabe nisa huɗu ta karin sauti, kamar yadda Jaggar da Buba suka bayyana a 1994: nân (kusa da mai magana), nan (kusa da mai sauraro), cân (nesa da su biyun), can (nesa ƙwarai). Kamara ma nuni take yi, kuma za mu iya kasa ɗaukarta gida uku.

a) Ɗaukar nesa (plan d'ensemble). Ita ce "cân" ta kamara. Tana nuna wuri: lambu, dutse, harabar gida. Da ita ake buɗe yawancin waƙoƙi, kafin murya ta shigo.

b) Ɗaukar rabin jiki (plan rapproché). Daga ƙugu ko ƙirji zuwa kai. Nisan hira ke nan, inda ake ganin hannu yana raka magana.

c) Ɗaukar fuska (gros plan). Ita ce "nân". A nan ne al'ada take shigowa, domin a zaman Bahaushe ƙura wa mutum ido rashin kunya ne, ɗaukar fuska kuwa tana sa mai kallo ya ƙura ido ko bai so ba. Shi ya sa ake yawan ganin ƴar wasa ta sunkuyar da kai, ko ta ja gefen mayafi, daidai lokacin da kamara ta matso. Kamara ta keta tazara, ƴar wasa ta mayar da ita.

4. Amshin ido

Rawar saurayi da budurwa a fim daga finafinan Indiya aka aro ta, waɗanda gidajen sinima na arewacin Nijeriya suka fara nunawa tun shekarun 1950. Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki wajen 2000, yana cikin finafinan da waƙa ta sayar. Sai dai aron yana da iyaka. Jarumin Indiya yana riƙe hannun jaruma, yana rungumar ta. A Kano kuwa ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai, wadda aka kafa a 2001, sun hana namiji da mace taɓa juna.

Abin da ya cike wannan gurbi shi ne dabarar da Faransanci yake kira champ-contrechamp, mu kuma muke ba da shawarar a kira ta "amshin ido". A ɗauka ta farko saurayi yana waƙa yana duban dama. A ta biyu budurwa tana amsawa tana duban hagu. Babu hoto ko ɗaya da suka haɗu a ciki, wataƙila ma ba rana ɗaya aka ɗauke su ba, amma mai kallo ya riga ya haɗa su a zuciyarsa. Ginin bai baƙunci kunnen Bahaushe ba: zabiya ta ba da waƙa, ƴan amshi su karɓa, kamar yadda ƴanmata suke yi a dandali. A nahawu kuwa daidai yake da musayar wakilin suna, inda "ni" da "ke" suke sauya mai su duk lokacin da magana ta koma wani baki.

Dabarar tana da sharaɗi. Dole kamara ta tsaya a gefe guda na layin da ya haɗa mutanen biyu. In ta tsallake shi, su biyun za su dubi ɓangare ɗaya, sai a ga kamar suna kallon wani na uku. Wannan kuskure ne na ginin jimla, kuma shi ne wanda mai koyon ɗauka da waya yake saurin faɗawa ciki.

5. Rawa da yanka

A dandali mai kallo yana ganin mai rawa daga kai har ƙafa, shi yake zaɓar inda zai duba. A bidiyo an riga an zaɓa masa. Ɗaukar nesa mai tsawo tana nuna gwanintar taku. Yanka da sauri bisa bugun kiɗa yana ɓoye rashin gwaninta, yana kuma daddatsa jiki: kafaɗa, ƙugu, ƙafa. Don haka rawa guda tana iya fitowa da kamun kai ko akasinsa, gwargwadon inda aka dasa kamara. Haka nan sauya tufafi tsakanin baiti da baiti yana yin aikin "ana nan ana nan" na tatsuniya, wato yana tsallake kwanaki ba tare da an faɗa ba.

Nauyin wannan iyaka ya bayyana a Oktoba 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. Waƙoƙin soyayya sun cika kasuwa kafin nan. Abin da ya bambanta shi ne an ga riƙe hannu da runguma a cikin ɗauka guda, ba a bar wa mai kallo aikin haɗawa ba.

6. Kammalawa

Abin lura ne cewa Hausar masu fim tana amfani da aikatau ɗaya, "tace", ga mai yanka hoto da ga hukumar da take hana fitarsa. Bisa abin da muka gani a sama, ayyukan biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato, domin mai tace hoto shi yake fara yanke hukuncin abin da ido zai gani. Matasan Bande, Wacha ko Dogo-Dogo da suke ɗaukar bidiyon biki da waya suna bin wannan nahawu ba tare da sun san sunayen sassansa ba, iyayen da suke yi musu faɗa ma haka. Muna fata abokan aiki da malaman makarantun da ake koyarwa da Hausa za su gwada kalmomin da muka kawo, su gyara waɗanda ba su zauna a baki ba.