Jari a Bakin Ruwa: Abin Lura Kafin a Kafa Kwatar Kifi

MUBI — Garin Vimtim da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa ba garin masunta ba ne. Kogin Yedzaram, wanda ya taso daga duwatsun Mandara ya ratsa Mubi ya nufi Borno, yakan cika da damina, amma da rani ya ja baya sai yashi da 'yan kududdufai. Saboda haka kifin da ake ci a yankin akasarinsa baƙo ne, daga kogin Binuwai, ko tafkin Chadi, ko Kamaru.

Tun da rikicin Boko Haram ya gurgunta kasuwar Baga, musamman bayan harin Janairun 2015, neman wata hanyar samun kifi ya zama dole ga fataken wannan yanki. Hanya ɗaya ita ce ɗan kasuwa ya mallaki kwata tasa, wato matsayar da masunta ke ɗaure kwale-kwale su sauke abin da suka kamo. Mai kwata shi ke fara ganin kifi, shi ke fara taya shi, kuma la'adar da dillali zai ci takan zauna a aljihunsa.

Wuraren da suka fi kusa da mai jari daga Vimtim su ne madatsar Kiri da ke Shelleng, wadda aka gina kan kogin Gongola a 1982 domin gonar rake ta Savannah, da tafkin Gerio a Jimeta, da gaɓar Binuwai daga Yola zuwa Numan. A ruwayen nan ana kama tarwaɗa da karfasa da kurungu da giwan ruwa.

Abu na farko shi ne ruwan kansa. Kada a biya kuɗin fili sai an gan shi sau biyu: cikin watan Afrilu lokacin da ruwa ya ƙafe, da cikin Satumba lokacin da ya kai maƙura. Gaɓar da kwale-kwale ba ya iya isa da bazara asarar rabin shekara ce. Haka nan wadda ke kwance ƙwarai, ambaliya na iya share ta a dare ɗaya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Rumfa da ma'aji da murhun banda a kan tudu ya kamata su zauna, abin da ke bakin ruwa kuwa ya zama na katako mai sauƙin ɗagawa.

Na biyu, takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardar izinin zama bisa al'ada. Amma wannan takarda ba ta mallaka wa kowa kogi ba. Doka mai lamba 13 ta 1997 ta kafa Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, kuma ita ke ba da izinin gina matsayar jiragen ruwa a koguna irin Binuwai. Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da wannan iko a Janairun 2024. A ruwan madatsa kuwa, sai an nemi yardar hukumar da ke kula da ita. Bayan haka akwai sarkin ruwa da mai gari, waɗanda in ba su amince ba, masunta ba za su sauka a wurin ba ko da an kafe takarda a bango.

Na uku, hanya. Tsakanin Yola da Mubi, ta Song da Gombi da Hong, tafiya ce ta kimanin kilomita 200. Ɗanyen kifi ba ya jimre wa zafin Adamawa in babu ƙanƙara, kuma kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023. Don haka wanda ba shi da tabbacin ƙanƙara, gara ya sa jarinsa a banda, domin busasshen kifi yana iya jiran kasuwa ta yi kyau.

Sai kuma mu'amala da masunta. Bisa al'ada mai kwata yakan ba su taru da ƙugiya da mai bashi, su biya da kifi. Wannan shi ke riƙe su, amma in farashin da yake yanka musu ya yi ƙasa da na kasuwa da yawa, za su riƙa sayar da manyan kifi a tsakiyar ruwa, su kawo masa ƙanana. Wajibi ne kuma ya hana amfani da guba ko nakiya ko lantarki wajen su, domin Dokar Kamun Kifi ta 1992 ta haramta su, ban da cewa suna kashe irin da kwatar za ta rayu a kansa baɗi.

Mai ƙaramin jari zai fi samun kwanciyar hankali in ya fara da hayar wuri na shekara guda, yana rubuta nauyin kifin da aka sauke da farashinsa kowace rana. Wannan littafin lissafi ne zai nuna masa ko gaɓar ta cancanci a zuba mata siminti.